Yadda roba ke tace ƙwayoyin jini, da amfanin hakan ga masu sikila a Kano

Duk wanda ya taɓa jinyar mai sikila a Asibitin Murtala da ke kusa da Ƙofar Mata, ko Asibitin Yara na Hasiya Bayero, ya san darajar ledar jini. A kowace shekara ana haihuwar jarirai kimanin 150,000 da wannan cuta a Najeriya, kuma da yawansu rayuwarsu ta dogara ne a kan ƙarin jini.

Jinin da ke cikin ledar nan cakuɗe yake: akwai jajayen ƙwayoyi, da farare, da masu sa jini ya daskare, da ruwan jini. Mai sikila jajayen yake buƙata. Fararen ƙwayoyin wani mutum kan jawo masa zazzaɓi, kuma idan ana yawan ƙara masa jini, sukan sa jikinsa ya ƙi karɓar dashen ɓargo nan gaba.

A nan ne polima ke shigowa, wato sinadari mai dogayen sarƙoƙi, dangin roba da leda. Ana cusa siraran zaren poliyesta a cikin matata, jini ya bi ta ciki. Jajayen ƙwayoyi masu laushi ne, sai su sulale su wuce, farare kuwa su maƙale a jikin zaren. Matata mai inganci kan cire fiye da kashi 99 cikin 100 na fararen.

A ɗakin gwaje-gwaje kuma akwai Ficoll, polimar da ake haɗawa daga sukari. Tun 1968 masanin ƙasar Norwe, Arne Bøyum, ya nuna cewa idan aka ɗora jini a kan ruwanta aka juya shi da inji, ƙwayoyin kan rabu hawa-hawa gwargwadon nauyinsu.

Hanya ta uku ita ce ta ƙananan ƙwallayen ƙarfe da aka lulluɓe da polima. Ana maƙala musu sinadarin da ke gane iyayen ƙwayoyin jini kaɗai, sannan a janyo su da maganaɗisu. Da irin wannan dabara ake ware iyayen ƙwayoyin da ake gyara wa halitta domin magance sikila. Maganin Casgevy, wanda Birtaniya da Amurka suka amince da shi a ƙarshen 2023, na cikin wannan rukuni, amma kuɗinsa ya kai dala miliyan 2.2.

A Najeriya an yi dashen ɓargo na farko ga mai sikila a 2011, a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Benin, ƙarƙashin jagorancin Nosakhare Bazuaye. Har yau kuɗin dashen ya fi ƙarfin yawancin 'yan kasuwa da ma'aikata.

Abin da iyaye ke da iko a kai shi ne su tambayi likita ko za a iya samun jinin da aka tace wa fararen ƙwayoyi, musamman ga yaron da ake yawan ƙara wa jini. Masu shirin aure kuwa, dokar Jihar Kano ta 2024 ta wajabta musu gwajin lafiya, har da na sikila, kafin a ɗaura.