Matsaya da Karkata: Ma'anoni Biyu na Kalma Guda a Fannin Lantarki

1.0 Gabatarwa

A Kafanchan, inda Hausa ke haɗa Fantswam da Bajju da Atyap da Ham a kasuwa, da ita mai gyaran rediyo kan koyar da yaronsa, amma sunayen kayan aikin na aro ne: amfilifaya, taransista, rezista. Aron yakan biya bukata har sai an iso ga kalmar Ingilishi "bias", wadda ke ɗauke da ma'ana biyu. Wannan maƙala ta duba su a na'urar da suka haɗu, wato mai mayar da hayaniyar lantarki lambobin ƙuri'a.

2.0 Yadda Na'urar Take

Zafi yana sa ƙarfin lantarkin da ke cikin kowace rezista ya riƙa rawa ba tsari. A 1928 John Johnson ya wallafa awon wannan rawa, Harry Nyquist kuma ya bayyana dalilinta. Amfilifaya kan ƙara mata ƙarfi, sannan a gwada ta da wata iyaka: in ta haura a rubuta 1, in ta gaza a rubuta 0. Da irin waɗannan lambobi ake ƙera makullan sirri na kwamfuta, don haka duk wanda ya iya kintatarsu ya kama hanyar buɗe sirrin mutane.

3.0 Matsaya

Ma'ana ta farko ita ce ƙarfin lantarkin da ake ɗora taransista a kai kafin sigina ya shigo. "Matsaya" ta dace da wannan. Sai dai matsayar ba ta zama wuri guda, domin a taransistar silikon ƙarfin da ke buɗe ta yakan ragu da kimanin milibolt 2 a kowane digiri na zafi. Ke nan na'urar da aka saita da sanyin asubar hunturu, idan zafin Maris ya ƙaru mata da digiri 15, ta goce da milibolt 30, alhali hayaniyar da ake nema ba ta kai milibolt guda ba.

Magani shi ne dabarar da Harold Black ya ƙirƙiro a 1927: a mayar da wani kaso na abin da ya fito zuwa mashiga, ya yi tsayayya da gocewar. A nan akwai tarko. Idan gyaran ya cika gaggawa, duk lokacin da 1 ta yi yawa sai ya tilasta 0, lambobin su zama abin kintata. Wajibi ne ya bi saurin sauyin zafi, ya bar hayaniyar ta yi rawarta.

4.0 Karkata

Ma'ana ta biyu ta lissafi ce: 1 ta rinjayi 0, kamar sikelin da hannu ɗaya ya fi nauyi. "Son kai" da ake ji a fassarar labarai ba ta shiga nan, tunda na'ura ba ta da zuciya. "Karkata" ta fi.

John von Neumann ya kawo gyaranta a 1951: a ɗauki lambobi bibbiyu, 01 ta zama 0, 10 ta zama 1, a watsar da 00 da 11. Aƙalla kashi 75 cikin 100 na adadin kan salwanta, kuma dabarar tana aiki ne kawai idan lamba ba ta dogara da ta gabanta ba, sharaɗin da gyaran gaggawa ke rushewa. Da kalma guda ta aro, malami zai sha wuya kafin ya bayyana wannan. Da biyu kuwa sai ya ce wa ɗalibi gocewar matsaya ce ke haifar da karkata.