Kwana uku a kan keke cikin damina: Abin da dajin bayan Abuja ke buƙata daga matafiyi

A shekarar 2001, lokacin da marigayi Cif Ojo Maduekwe yake Ministan Sufuri, ya ɗauri aniyar shawo kan 'yan Najeriya su koma hawa keke. Shi da kansa ya riƙa tuƙa nasa a titunan Abuja, har wata rana motar bas ta ture shi cikin lambatu yana hanyar zuwa taron Majalisar Zartarwa ta Tarayya. Aka yi ta raha, maganar ta bi ruwa.

Yau duk wanda ya yi sammako ranar Asabar zai ci karo da ayarin mahaya keke sanye da hular kwano a titunan Maitama da Wuse. Wasunsu kwalta ta daina isar su, sun fara hangen duwatsun da suka kewaye birnin, suna lissafin fita ranar Juma'a su dawo Lahadi. Tafiya ce mai daɗi, amma idan ta faɗo cikin damina, wadda a nan take kamawa daga Afrilu zuwa Oktoba, ba a auna ta da kilomita. Laka da rafi da tsawa da tsaro su ne ma'auninta.

Ranar farko: Usuma da jar laka

Hanyar da ta fi sauƙin farawa ita ce ta Dutse Alhaji zuwa Ushafa, ƙauyen masu ginin tukwane da Shugaban Amurka Bill Clinton ya ziyarta a watan Agustan 2000. Kusa da nan Madatsar Ruwa ta Usuma take, inda ake tace ruwan da ke zuba a famfunan Sakatariyar Tarayya da gidajen Garki. Cikin damina tuddan da ke gefenta sukan yi kore shar, hazo ya sauko musu da safe.

Da zarar mahayi ya sauka daga kwalta zai gane cewa ƙasar da ke ba magina yumɓu ita ce abokiyar gabar tayarsa. Jar lakar yankin tana da danƙo. Takan naɗe taya, ta cushe tsakaninta da ƙarfen keken har ta ƙi juyawa, ta shiga sarƙa, yashin da ke cikinta kuma ya cinye robar birki cikin yini guda. Hanyar da ake shafewa cikin sa'a ɗaya da rani tana iya cin sa'a uku, rabinta ana tura keke, wani wurin ma a saɓa shi a kafaɗa, kamar yadda matan Gbagyi ke ɗaukar kaya.

Saboda haka guzurin farko na keken ne: robar birki ta canji, man sarƙa, tiyub biyu, kayan faci, famfon hannu da ɗan buroshi na kankare laka. Tufafin barci da waya kuwa a ƙulle su cikin leda biyu, domin wanda ya yini a jiƙe ya kuma kwana a jiƙe, zazzaɓi ne zai tashe shi.

Rana ta biyu: Hanya biyu zuwa Zuma

Daga Ushafa, Bwari ba ta da nisa, garin da hedikwatar JAMB da Makarantar Horar da Lauyoyi ta Najeriya suke. A taswira akwai hanyar yanke daga can ta Garam zuwa Sabon Wuse a Jihar Neja, sannan a gangaro Suleja. Ita ce ta fi jan hankalin mai son daji, ita ce kuma ta fi buƙatar tunani. A watan Yulin 2022 an yi wa sojojin rundunar da ke tsaron fadar shugaban ƙasa kwanton ɓauna a yankin Bwari. A Janairun 2024 kuma garkuwa da mutane ta yi ƙamari a ƙauyukan yankin, har Ministan Abuja, Nyesom Wike, ya zagaya ƙananan hukumomi yana taro da jama'a kan tsaro.

Matambayi ba ya ɓata. Kafin a shiga kowane burtali, a sanar da ofishin 'yan sanda mafi kusa, a gaida dagaci, a ji ta bakin 'yan banga da 'yan acaɓa, domin su ne suka san hanyar da aka bi lafiya jiya. Idan suka nuna shakka, a juya ta Kubwa da Zuba a faɗa Madalla. Kwana kuma sai cikin gari, a isa masauki kafin Magariba. Tanti a tsakiyar daji ba na wannan zamani ba ne.

Ko ta wace hanya aka bi, Dutsen Zuma, wanda hotonsa ke jikin takardar Naira 100, zai tarbi matafiyi. A irin wannan fili ne hatsarin tsawa ya fi yawa, domin mahayin da ke kan tudu ko falalen dutse shi ne abu mafi tsayi a wurin. Ƙarar tsawa na cin kimanin kilomita ɗaya cikin daƙiƙa uku. Idan tsakanin walƙiya da ƙararta bai kai daƙiƙa 30 ba, hadarin ya matso: a sauka daga tudu, a nisanci bishiyar da ke tsaye ita kaɗai, a nemi gini.

Rana ta uku: Gurara

Daga Suleja, garin da shahararriyar maginiya Ladi Kwali ta yi aiki tun yana amsa sunan Abuja, sai a kama hanyar Minna zuwa Magangarar Ruwa ta Gurara. Ruwan na faɗowa daga tsayin kimanin mita 30, kuma a watannin Agusta da Satumba ana jin rugugin sa tun kafin a gan shi. Lokacin kallo ne daga nesa, ba na wanka ba.

Ƙananan rafukan hanyoyin ƙauye ma ba abin raini ba ne. Ana iya sheƙa ruwa a kan tudu mai nisa, rafin da aka tsallake da safe ya cika ya batse da rana alhali ko ɗigo bai sauka a wurin ba. Ruwa mai gudu da zurfinsa bai wuce santimita 15 ba yana iya kwashe ƙafar babban mutum. Idan ya yi ja yana tafe da kara da itace, a zauna a jira. Mutanen ƙauyen ma jira suke yi.

Abin da ake dawowa da shi

A Afirka ta Kudu, tun 2004 ake gasar Cape Epic ta kwana takwas a cikin duwatsu, da likitoci da makanikai suna biye da mahaya. A nan babu mai bin kowa. Abin dogaro shi ne hasashen Hukumar NiMet kafin fita, lambar gaggawa ta 112 inda akwai sabis, tafiya cikin ayari, da wani a gida da ya san inda za a kwana.

Mai tura keke a caɓi ba shi kaɗai ba ne a hanyar. Zai haɗu da manomi ya ɗaure doya a bayan babur yana neman kasuwa, da 'yan makaranta riƙe da takalma a hannu, da kwalbatin da ruwa ya cinye gefensa. Wahalar da shi ya saya da kuɗinsa ta kwana uku, su tasu ta wata shida ce a kowace shekara, kuma a cikin Babban Birnin Tarayya ko a bakin iyakarsa.

Gani ya kori ji. Ma'aikacin da ya taɓa tsayawa a bakin rafi yana jiran ruwa ya janye, idan fayil ɗin aikin hanyar karkara ya iso teburinsa ranar Litinin, zai yi wuya ya tura shi ƙarƙashin sauran.