Titin Jirgin Otago Ya Koma na Masu Keke

A shekarar 1990 jirgin ƙasa ya yi sallama da tsakiyar yankin Otago, a kudancin ƙasar Niyu Zilan. Tun 1879 aka fara shimfiɗa layin, ya yi shekaru yana jigilar ulu da tumaki da 'ya'yan itatuwa, har motocin kaya suka ƙwace masa kasuwa. Aikin madatsar ruwa ta Clyde ne ya ɗan tsawaita masa kwana; da aka kammala ta, sai aka kwashe ƙarafuna.

Hukumar kula da gandun daji ta ƙasar ta sayi filin layin a 1993, aka kuma buɗe shi ga masu keke da masu tafiya a ƙasa da mahaya doki a 2000. Tsawonsa kusan kilomita 150, daga Middlemarch zuwa Clyde.

Abin da ya sa hanyar ta karɓu shi ne raunin jirgin kansa. Jirgin ƙasa ba ya iya hawa tudu mai tsini, don haka injiniyoyin da suka tsara layin suka bi da shi a hankali, mita ɗaya na hawa cikin kowace hamsin a wuri mafi wuya. Shi ya sa dattijo da jikarsa kan kai ƙololuwar hanyar kusa da Wedderburn, mita 618 sama da teku, ba tare da sun sauka sun tura ba. A kwazazzabon Poolburn kuwa, mai keke yana shiga rami cikin dutse, duhu ya rufe shi har sai ya kunna tocila, sannan ya fito kan gada mai tsayin mita 37, tayoyinsa na ƙara a kan katako, ƙorama can ƙasa. Ƙafafun gadar da dutsen wurin aka gina su.

Yawancin masu zuwa kan yi kwana uku zuwa biyar. Wannan jinkirin shi ne ribar ƙauyuka irin su Oturehua da Omakau, domin mai keke dole ya ci, ya sha, ya nemi makwanci. Manoman da suka yi ta gunaguni da farko, don gudun baƙi su ratsa musu gonaki, wasunsu yanzu ɗakunan kwana suke hayarwa. A 2009 gwamnati ta ɗauki wannan darasi ta fara gina irin hanyoyin a faɗin ƙasar.