Karen Gida ko Karen 'Yan Sanda: Wanne Ya Dace da Gidanku?

Bara, saura mako biyu Babbar Sallah, aka haura katangar gidanmu da ke bayan gari ta hanyar Kiyawa, aka kwance raguna biyu da Baba ya yi wata biyar yana kiwatawa. Gari na wayewa magana ɗaya ce a bakin kowa: a nemo kare. Yayana ya kafe sai irin na 'yan sanda, Baba ya ce karen gida ma ya isa. Da yake ni ne ɗan boko, sai aka ɗora mini aikin bincike. Na san da yawa daga cikinmu akwai turke ko garka a gidajensu, shi ya sa na ga ya dace in kawo abin da na samo.

Ta fuskar addini, malamai sun yi bayanin cewa an halatta ajiye kare don farauta, kiwo da tsaron gona, da yawansu kuma sun haɗa da gadin gida idan akwai buƙata. Ajiyewa don ado ne abin ƙi. Ke nan tambayar farko ita ce: wane aiki zai yi muku?

Wanda muke kira karen 'yan sanda, sunansa Jaman Shefad. Wani tsohon hafsan soja a Jamus, Max von Stephanitz, shi ya kafa ƙungiyar masu kiwon wannan iri a 1899, kuma asalin aikinsa kiwon tumaki ne. Namiji yakan kai kilo 30 zuwa 40. Yana da kaifin ƙwaƙwalwa, yana ɗaukar horo da wuri, girmansa kaɗai ya isa ɓarawo ya sake shawara. Ba a banza jami'an tsaro suke amfani da shi ba.

Amma fa gashinsa ninki biyu ne, na ƙasar sanyi. Ka tuna yadda Dutse take a watan Afrilu da Mayu, zafi ya haura digiri 40, duwatsu suna ta huci har bayan isha'i, mu kanmu a ɗakin kwana ba ma iya barci. Kare ba ya gumi kamar mutum, da haki yake sanyaya jikinsa. Idan ka ɗaure wannan kare a rana, ko ka kulle shi a keji na kwano, zafi kaɗai zai iya kashe shi a yini ɗaya. Yana buƙatar inuwa mai iska da ruwa a gabansa kullum. Kaska kuma tana samun mafaka a cikin gashin nan, ta sa masa zazzaɓi da ƙarancin jini. Ga ciwon ƙugu da aka san irin da gadonsa. Sannan ba ya son zaman banza: in ba a fita da shi yana motsa jiki ana koya masa abu ba, sai ya koma tone-tone, haushin dare, wani lokaci har ya far wa 'yan gida.

Sai ci. Wallahi nan ne yayana ya fara sanyi. Kare mai kilo 35 ba zai rayu da ƙanzo da gayan tuwo ba, sai an haɗa masa da nama, kifi ko ƙwai, ko a sayi abincinsa na buhu wanda yawanci sai an aika Kano. Lissafa wannan a wata, ka kwatanta da kuɗin cefanen gidanku.

Karen gida kuwa, wanda mafarauta da makiyaya suke yawo da shi a ƙauyukan Jahun da Birnin Kudu, ɗan ƙasa ne. Gashinsa gajere, jikinsa ba nauyi, ya saba da zafi da ƙura, kuma ya fi jure cututtukan yankin nan. Kunnensa ba ya barci. Gaskiyar magana, abin da yawancin gidaje suke buƙata shi ne mai tashe su, ba mai yaga mutum ba, kuma wannan aikin ya iya shi sarai. Aibinsa shi ne yawo. Ka sake shi ya bi gari, ya yi faɗa da karnukan bola, ya dawo da ciwo. In ba tare suka tashi ba, yana iya bin kaji da 'yan awaki. Horonsa ma sai da haƙuri, don yana da taurin kai.

Abu ɗaya da ba ruwansa da iri shi ne ciwon haukan kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yana kashe kimanin mutum 59,000 a shekara, akasari a Afirka da Asiya, kuma kusan duka ta hanyar cizon kare ne. Da zarar alamu sun bayyana, da wuya a tsira. Ana yi wa kwikwiyo allurar riga-kafi yana wata uku, sannan a maimaita duk shekara. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom a Jihar Filato tana yin wannan allura. Idan kare ya ciji wani, a wanke wurin da sabulu da ruwa na minti 15, a wuce asibiti a ranar, kada a tsaya shafa magani a gida. Mutane sukan kai karen Turawa wurin likitan dabbobi saboda sun kashe kuɗi a kansa, su bar na gida haka nan. Wannan ganganci ne, don shi ne ma mai cuɗanya da na waje.

A ganina, gidan da ke da katanga, fili, bishiyar inuwa, da mutum ɗaya tsayayye da zai kula da shi kullum, zai iya riƙe karen 'yan sanda. Ban ce ɗalibin da zai dawo makaranta ya bar wa Umma wahala ba. Gidan haya a Takur ko Gida Dubu mai ƙananan yara da maƙwabta jikin juna, gara a gyara ƙofa a ƙara fitila. Gona, garka ko turke a bayan gari kuwa, na gida ya fi.

Mu dai kwikwiyon gida muka karɓo wajen wani mafarauci, muka yi masa allura da maganin tsutsar ciki, muka raine shi a gefen turke. Yayana ya sa masa suna Kwamanda, kuma har yanzu shi ne mai kai masa abinci.