Bahamas: jama'a na son a kori baƙin haure, amma wa zai yi aikin?

Ga mai kallon hotuna a waya, Bahamas ƙasa ce ta farin yashi da shuɗin ruwa, inda masu hannu da shuni na Amurka ke zuwa hutu. Wanda ya kunna rediyo a Nassau, babban birnin ƙasar, zai ji wata magana daban. A shirye-shiryen da masu saurare ke bugo waya, a zauren majalisar dokoki da filayen kamfe, batun da ya fi saurin tada jijiyoyin wuya shi ne na baƙin haure. Kuma idan ɗan Bahamas ya ce baƙon haure, galibi ɗan Haiti yake nufi.

Shekara da shekaru ke nan gwamnatoci na kai samame, suna tsare mutane, suna tasa ƙeyarsu zuwa gida, amma maganar tana nan. Me jama'ar ƙasar ke so, yaya ƴan siyasa ke amfani da wannan buƙata, kuma me ya sa tsugunne ba ta ƙare ba?

Ƙaramar ƙasa kusa da babbar maƙwabciya

Bahamas tarin tsibirai ne kusan 700 a cikin tekun Atlantika, amma kimanin 30 ne kawai ke da mazauna. Jama'ar ƙasar duka kusan dubu 400 ne, wato ba su kai rabin mutanen birnin Yamai ba, kuma mafi yawansu na zaune a tsibiri guda, New Providence, inda Nassau take. Ta samu ƴancin kai daga Ingila ranar 10 ga watan Yulin 1973. Yawon buɗe ido da harkar bankuna ne ke riƙe da ita, kuma dalarta ɗaya daidai take da dalar Amurka ɗaya.

Daga kudu akwai Haiti mai mutum sama da miliyan 11, ƙasar da ta fi kowace talauci a nahiyar Amurka. Tsibirin Inagua na Bahamas ya fi kusa da Haiti nesa ba kusa ba a kan yadda yake da Nassau. Daga arewa maso yamma kuwa, tsibirin Bimini bai wuce kilomita 80 daga gaɓar jihar Fulorida ta Amurka ba. Saboda haka Bahamas zango ce ga wasu, hanya ce ga wasu. Ƴan ci-rani na shigowa cikin kwale-kwalen katako da aka cika maƙil, kuma teku na cin nata rabo: ranar 24 ga watan Yulin 2022, wani jirgi da ya nufi Miami ya kife kusa da New Providence, ƴan Haiti 17 suka rasa rayukansu.

Ƙidayar jama'a ta 2010 ta nuna akwai ƴan Haiti kimanin dubu 39 a ƙasar, wato sama da mutum ɗaya cikin goma. A cikinsu akwai masu takardun zama da na aiki cikakku, akwai waɗanda takardunsu suka ƙare, akwai waɗanda ba su taɓa samu ba. A bakin mutanen gari, sau da yawa duk kuɗin goro ake yi musu.

Abin da talaka ke kuka a kai

Ruwa ba ya tsami banza. Koke na farko shi ne na cinkoso: iyaye na cewa azuzuwan makarantun gwamnati sun cika, majinyata na cewa layi ya yi tsawo a asibitoci, kuma suna ɗora laifin kan baƙi. Na biyu shi ne unguwannin bukkoki na katako da kwano da aka gina ba da izini ba, wasu a filayen gwamnati, wasu a filayen da masu su ke karɓar haya a ɓoye. Ɗan ƙasa na tambaya: don me ni sai na bi ofis-ofis neman takardar gini, wani kuma ya kafa gida cikin dare? Na uku shi ne tsoron da ke zuciyar duk wata ƙaramar al'umma, cewa wata rana baƙi za su fi ƴan gida yawa, harshen Kiriyol na Haiti ya danne Turancin da ake yi a ƙasar. Akwai kuma zargin da ba ya mutuwa, cewa da kuɗi ana iya sayen takardar aiki ta bayan fage.

Sai dai in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ƴan Haiti ne ke yawancin aikin ƙarfi da ƴan ƙasa suka daɗe da juya wa baya: share gida da gyaran lambu, kwaɓa siminti, noma, wanki da raino. Magidancin da ya bugo waya rediyo yana neman a kori baƙi, ba mamaki ɗan Haiti ne ke yanke masa ciyawar ƙofar gida. Doka ta hana ɗaukar wanda ba shi da takardar aiki, amma ƴan ƙasar da kansu na ƙorafin cewa ma'aikacin ake kamawa, mai gidan da ya ɗauke shi ba kasafai yake ganin kotu ba.

Akwai wasu muryoyin kuma. Lauyoyi da ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam, irin su Rights Bahamas, da wasu limaman coci, na sukar yadda ake kame bisa kamanni ko suna, da halin da ake tsare mutane a sansanin Carmichael Road. Suna tuna wa jama'a cewa alaƙar ƙasashen biyu ba ta yau ba ce: Stephen Dillet, wanda ya zama mutum na farko mai jinin Afirka da aka zaɓa a majalisar Bahamas a cikin shekarun 1830, haifaffen Haiti ne. Ƴan Bahamas ma sun yi ci-rani, domin daga 1943 dubbansu sun tafi aikin gona a Amurka. Amma waɗannan muryoyi ba su da rinjaye, kuma masu su kan sha zagi da zargin cin amanar ƙasa.

Dokar da ke haifar da baƙo a cikin gida

Ƙullin da ya fi wuyar kwancewa yana cikin kundin tsarin mulkin 1973. Haihuwa a Bahamas kaɗai ba ta ba yaro takardar zama ɗan ƙasa, wato nasiyonalite. Idan iyayensa duka baƙi ne, sai ya cika shekara 18 kafin ya nema, kuma yana da watanni 12 kacal ya ajiye takardunsa. Wanda ya bari ya cika 19 ya rasa wannan dama, sai ya bi wata hanya mai tsawo. Wanda ya nema kan lokaci ma yakan yi shekaru yana jiran amsa.

A takarda, irin wannan yaro ɗan Haiti ne ta hanyar iyayensa. A zahiri kuwa a Nassau ko Abaco aka yanke masa cibiya, a nan ya yi makaranta, Turancin ƙasar yake yi, kuma wataƙila bai taɓa taka Haiti ba. Buɗe asusun banki, samun aikin albashi ko tallafin karatu duk kan zame masa wahala. A 2017 an tasa ƙeyar wani mutum zuwa Haiti alhali yana cewa a Bahamas aka haife shi, har sai da wani alƙali ya ba da umarni a farkon 2018 a dawo da shi.

Sau biyu, a 2002 da 2016, aka yi zaɓen raba gardama don gyara wasu sassan dokar zama ɗan ƙasa, musamman domin daidaita mata da maza wajen bai wa ƴaƴansu nasiyonalite. Sau biyun jama'a suka ce a'a. Dalilan suna da yawa, amma tsoron buɗe wa baƙi ƙofa na cikinsu. Ɗan sauyin da aka samu daga kotu ya fito: a watan Mayun 2023, kotun Privy Council da ke Landan, wadda ita ce matakin ƙarshe na ɗaukaka ƙara ga Bahamas, ta tabbatar cewa yaron da aka haifa a ƙasar, mahaifinsa ɗan Bahamas, mahaifiyarsa baƙuwa, ɗan ƙasa ne ko da iyayen ba su yi aure ba.

Jam'iyyu biyu, harshe ɗaya

Jam'iyyu biyu ne ke karɓa-karɓar mulki, PLP da FNM. Suna da saɓani a kan abubuwa da dama, amma a kan baƙin haure gasar nuna tsauri suke yi. Tun a tsakiyar shekarun 1980 minista Loftus Roker ya yi suna da manyan samame, har yau kuma ana ambaton sunansa idan ana neman gwamnati ta tsananta.

Wanda ya sassauta kan ɗanɗana kuɗarsa. Bayan girgizar ƙasar Haiti ta ranar 12 ga watan Janairun 2010, Firaminista Hubert Ingraham na FNM ya saki ƴan Haitin da ke tsare tare da ba su izinin zama na wucin gadi, ya kuwa sha suka. A watan Fabrairun 2012, shugaban Haiti Michel Martelly ya ziyarci Nassau, ya shawarci ƴan asalin ƙasarsa masu ƙuri'a su mara wa jam'iyyar da za ta kare muradunsu baya. Maganar ta tada ƙura ana dab da zaɓe.

Gwamnatin PLP ta Perry Christie, ta hannun minista Fred Mitchell, ta fara aiki da sabon tsari ranar 1 ga watan Nuwamban 2014: duk wanda ba ɗan ƙasa ba dole ya mallaki fasfon ƙasar iyayensa, har da yaran da aka haifa a Bahamas. Amnesty International ta soki matakin, amma a cikin gida ya samu karɓuwa. Da FNM ta dawo a 2017, Firaminista Hubert Minnis ya ba marasa takardu wa'adin ƙarshen watan Disamba su fice, sannan gwamnatinsa ta shirya rushe unguwannin bukkoki. Wata kotu ta dakatar da rusau ɗin a watan Agustan 2018.

Me ya sa kowa ke tsoron a ce ya yi sanyi? Lissafin zaɓe ne. A 2021 kujerun majalisa 39 ne, kowace mazaɓa na da masu zaɓe kimanin dubu biyar, kuma wanda ya fi ƙuri'a ko da ɗaya ce shi ke lashewa. Ƙuri'u ɗari biyu ko uku na iya kada minista. Ƙananan jam'iyyu sun gane haka. DNA, wadda tsohon ƙaramin ministan shige da fice Branville McCartney ya kafa, ta samu kimanin kashi 8 cikin ɗari a 2012. Ƙawancen da Lincoln Bain ke jagoranta, wanda ya mai da batun baƙin haure babban takensa, ya samu kimanin kashi 6 a 2021. Ba su ci kujera ko ɗaya ba, amma ƙuri'un da suke yagowa sun isa su tilasta wa manyan jam'iyyu ɗaga murya. Su kuwa waɗanda ake magana a kansu, galibinsu ba su da katin zaɓe.

Guguwar Dorian da abin da ya biyo baya

Ranar 1 ga watan Satumban 2019, guguwar Dorian ta afka wa tsibirin Abaco da iska mai gudun kusan kilomita 300 a awa guda. Ta share unguwannin Mudd da Pigeon Peas na garin Marsh Harbour, inda dubban ƴan asalin Haiti ke zaune. Hukumomi sun ƙidaya mamata 74 a ƙasar, ban da waɗanda suka ɓace. Tausayin bai daɗe ba. Gwamnati ta hana sake gini a wuraren, kuma cikin ƴan makonni aka ci gaba da mayar da mutane Haiti, abin da ofishin kare haƙƙin ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya ya nuna damuwa a kai. A daidai lokacin kuma, sake gina Abaco na buƙatar magina da lebura, aikin da ƴan Haiti suka daɗe suna yi a tsibirin.

PLP ta dawo mulki a watan Satumban 2021 ƙarƙashin Philip Davis, watanni biyu bayan kisan shugaban Haiti Jovenel Moïse. Tun daga lokacin ƴan daba suka mamaye yawancin birnin Port-au-Prince, masu tserewa suka ƙaru. Kotu ta ɗage dakatarwar rusau a watan Fabrairun 2023, kafin ƙarshen shekarar kuma motocin rusau suka shiga unguwanni a New Providence. A waje ma Davis bai sassauta ba. A watan Disamban 2024 ofishinsa ya sanar cewa ya yi watsi da shawarar mutanen Donald Trump ta a riƙa sauke wa Bahamas baƙin wasu ƙasashe da Amurka ta kora.

Inda gizo ke saƙar

Mai karatu a Nijar ba baƙo ba ne ga wannan lamari. Mun ga yadda dokar 2015-36 ta hana jigilar ƴan ci-rani ta Agadas kafin a soke ta a watan Nuwamban 2023, mun kuma san ƴan uwanmu da ake korowa daga Aljeriya a sauke su kusa da Asamaka, wasunsu su huta su sake komawa. Matuƙar akwai yunwa a wannan gefe da aiki a wancan, hanya ba ta mutuwa.

Haka abin yake a Bahamas. Buƙatar jama'a ta a tsare iyaka da mutunta dokar gini buƙata ce ta gaskiya, kuma ba wanda zai ce ƙasa mai mutum dubu 400 ta ɗauki nauyin rikicin Haiti ita kaɗai. Amma samame da rusau su ne ɓangare mai sauƙi, su ne kuma ke fitowa a talabijin. Matakan da za su taɓa tushen matsalar suna da tsada a siyasance: hukunta masu ɗaukar ma'aikata a ɓoye, waɗanda ƴan ƙasa ne masu ƙuri'a; tsaftace harkar takardun aiki; samar da gidajen haya masu rahusa; da yanke hukunci a kan makomar matasan da aka haifa a ƙasar. Har yanzu babu jam'iyyar da ta ɗauki kasadar shiga zaɓe da wannan jerin. Kafin a samu mai yi, kowace shekara wasu yaran na cika 18, suna shiga layi a ofishin shige da fice da takardar haihuwar Bahamas a hannu, suna jiran a gaya musu ko su ƴan gida ne.