Kuɗin Gwamnatin Sakkwato: Daga Baitulmali Zuwa Ma'aikatu

  Ku sani ya 'yan'uwa malamai da fatake, kowace shekara Gwamna ya kan tafi Majalisar Dokoki a Sakkwato ya karanta kasafin kuɗi, watau ƙiyasin abin da Gwamnati ke sa ran samu da inda ta yi niyyar kashewa. Mu kan ji adadin a rediyo, mu ce "Allah Ya sa albarka", mu koma kan allunanmu da ma'auninmu. To, yau ina son mu zauna mu dube shi kamar yadda falke ke duban littafin bashinsa.

Al'amarin ba baƙo ba ne gare mu. Wannan gari na Tambuwal ribaɗi ne na Muhammadu Buhari ɗan Shehu, mahaifinsa kuwa, Allah Ya jiƙansa, ya yi bayanin Baitulmali cikin Kitabul Farƙi. Ya lissafa hanyoyi bakwai da dukiya ke shiga cikinsa, ya kuma jera yadda ake fitar da ita. Ana farawa da tsare iyakoki da biyan mayaƙa, sa'an nan alƙalai da ma'aikata da gina masallatai da gadoji, sa'an nan mabukata. Abin lura a nan shi ne jerin. Akwai na gaba, akwai na baya.

Da Turawa suka zo, suka kafa Baitulmalin En'e wajen 1911. Haraji da jangali su ne jijiyarsa, ana raba su tsakanin En'e da Gwamnati. Sassan da ke cin kuɗin kaɗan ne, yaro ma ya iya ƙirga su: albashin hakimai da dagatai, alƙalai, 'yan doka, gidan yari, sai makaranta da asibiti da gona da daji da ayyuka. Mahaifina, Allah Ya gafarta masa, ya kan ajiye takardar harajinsa cikin gafaka tare da littattafai, don ya san wuyar da ya sha kafin ya same ta. Ba na yabon wannan zamani, gama an sayar da akuya da hatsin ci saboda haraji, wasu ma sun bar gari. Amma mutumin da aka karɓi sulallansa hannu da hannu ya san rijiyar da En'e ta gina da guminsa aka gina ta.

A 1967 aka yi Jihar Arewa maso Yamma, Sakkwato ce babban birninta, a 1976 aka yi Jihar Sakkwato. Cikin waɗannan shekaru kuɗin man fetur ya kwararo, aka ƙara wa ma'aikata albashin nan da ake kira Udoji, aka buɗe karatun firamare kyauta ga kowa a 1976, aka rushe tsarin En'e aka kawo ƙananan hukumomi. Tun daga nan Wakilin Makaranta ya zama Ma'aikatar Ilimi da hukumominta, Wakilin Gona ya zama Ma'aikatar Gona. An yanke Kabi a 1991, an yanke Zamfara a 1996, ƙasa ta ragu, amma ofisoshi sai ƙaruwa. Yau akwai ma'aikatar lamuran addini, da ta lafiyar dabbobi, da Hukumar Zakka da Waƙafi, da Jami'ar Jiha, kowace da shugabanta da motocinta. A 2024 kuma aka kafa rundunar tsaro ta jiha saboda 'yan bindiga, abin da mutanen Kebbe ba su bukatar a yi musu sharhinsa.

Yanzu ga adadi. A 2016, zamanin Gwamna Aminu Waziri Tambuwal, kasafin ya kai wajen naira biliyan 174, ilimi ne ya sami kaso mafi girma, domin an ayyana dokar ta-ɓaci a kansa. A 2023 ya kai biliyan 198. Gwamna Ahmad Aliyu ya gabatar da biliyan 270 na 2024, sa'an nan biliyan 526 na 2025. Mai sauraro sai ya ce arziki ya ninka uku cikin shekara tara.

Falke ba zai ce haka ba. A farkon 2016 dala ɗaya naira 197 ce a farashin Gwamnati, a 2025 kuwa tana wajen naira 1,500. In ka juya lissafin, kasafin 2016 ya kama dala miliyan 880 da 'yan kai, na 2025 kuwa wajen miliyan 350. Mudun ne aka ƙanƙanta, shi ya sa awon ya yi yawa. Tsallen da aka gani bayan 2023 ya biyo bayan janye tallafin man fetur da sakin naira a wannan shekara, rabon da ke zuwa daga Abuja ya kumbura, siminti da magani da taki suka kumbura tare da shi. Mafi ƙarancin albashi a doka ya tashi daga naira 18,000 zuwa 30,000 a 2019, zuwa 70,000 a 2024. Kun ga bakin ma'aikaci kaɗai ya kusa ninka huɗu, alhali tukunya uku ta ninka.

Wani abu kuma, kasafi niyya ce. Abin da aka rubuta wa sashe daban, abin da aka sakar masa daban. Aikin gini ya kan jira, albashi da hidimar ofis ba su jira. Saboda haka in an ce an ba ilimi kaza, tambayar ita ce nawa ya fito, nawa kuma ya iso aji. Ba zan ɓoye muku ba, mu masu makarantun allo muna da namu kukan a nan, amma na bar shi sai wani mako.

Abin da ya fi damuna shi ne shirunmu. Tun da aka daina bin gida gida ana karɓar haraji, mafi yawan kuɗin jiha ya koma zuwa daga rabon Tarayya, sai muka ɗauke shi kyauta ce daga Gwamna, muna godiya in an ba mu, muna haƙuri in an hana. Alhali fatake suna biyan kuɗin kasuwa da na tasha, kowa kuma yana biya duk ranar da ya sayi litar mai. Gwamnati ta kan buga rahoton abin da aka kashe bayan kowane wata uku, Babban Mai Binciken Kuɗi kuma yana da nasa na shekara. Tambuwal na da wakilai biyu a Majalisar Dokoki, Kebbe na da ɗaya. Ina roƙon shugabannin 'yan kasuwa da limamai, in wakilan nan sun zo gida hutun salla, a nemi su zo da shafin da ya shafi ƙasarmu, a sa ɗalibi mai boko ya karanta shi a zaure, layi layi, da abin da aka rubuta da abin da aka saki.