Zanen Zambo a Sifaniya: Misalin Goya

Zambo da habaici ba su tsaya ga waƙa ko maganar baka kaɗai ba, domin akwai al'ummomin da suka yi amfani da zane wajen sukar halayen jama'a. A tarihin fasahar Sifaniya babu wanda ya yi fice a wannan fage kamar Faransisko Goya (1746-1828), mai zanen fadar Sarki Karlos na Huɗu, wanda wata rashin lafiya ta kurmantar da shi a 1793.

A 1799 ne Goya ya fitar da jerin zane 80 mai suna Los Caprichos. Ba da buroshi ya yi su ba. Akan shafe farantin jan ƙarfe da kaki, a karce hoton da allura, sannan a tsoma shi cikin ruwan asid, wanda zai ci wuraren da aka karce kawai. Daga nan sai a shafa tawada a danna a kan takarda. Faranti ɗaya kan buga kwafi masu yawa, wato saƙon zai iya shiga gidajen da zanen fada ba ya isa.

Abubuwan da ya soka sun haɗa da camfi, da auren kwaɗayi, da lalacin wasu malaman coci. Sai dai zambon ya fi kaifi a hotunan jakuna, na 37 zuwa na 42. A ɗaya, jaki ne malami yana koya wa ɗan jaki baƙaƙe, abin da ke nuna jahilci na haifar jahilci a cikin aji. A wani, jaki ne likita, yana riƙe da hannun majinyacin da ke bakin mutuwa. Akwai kuma jakin da ya buɗe littafin asalinsa, ga kakanninsa jere, duk jakuna; wannan kuwa masu taƙama da gadon sarauta ake nufi. Na ƙarshensu ya juya al'ada: talakawa biyu ne ke goye da jakuna suna nishi. Hoto na 43, wanda ya fi shahara, ya nuna mutum ya kifa kai yana barci, mujiyoyi da jemagu sun yanyame shi, alamar abin da kan biyo baya idan hankali ya kwanta.

A sanarwar da aka buga a jaridar Madrid, an nuna cewa ba wani mutum takamaimai aka nufa ba. Ta wannan fuska aikin ya fi kusa da habaici, inda ake sakaya suna. Duk da haka sakayawar ba ta wadatar ba, musamman da yake wasu hotunan sun taɓa kotun binciken aƙida ta coci. A wani shagon turare da barasa aka sa su kasuwa, jeri 27 kacal aka sayar, Goya ya janye sauran. A 1803 ya miƙa wa sarki farantan da kwafin da suka rage, aka yanka wa ɗansa Habiya kuɗin fansho.